Filin Tambaya da Amsa: Na haɗa dikoda da laftof ɗina amma hoto ya ƙi fitowa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa a kan abu ɗaya suke, wato yadda za a haɗa dikoda da kwamfuta, ina jin kakar ƙwallo ce ta jawo haka. Na tsinto guda bakwai. Ta farkon zan daɗe a kanta domin in aka gane ta sauran duk masu sauƙi ne.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, ɗakina ba talabijin sai laftof HP da nake karatu da ita. Yayana ya bar min dikodarsa ta GOtv irin mai ramin HDMI ɗin nan, na duba na ga laftof ɗina ma tana da ramin, sai na sayo waya na haɗa amma ko ƙyas, na ce ko wayar ce na sake sayo wata mai tsada ita ma shiru, yanzu wani abokina yana cewa wai ramin laftof ɗin ne ya ƙone in kai gyara. Dan Allah mene ne gaskiya?

AMSA: Ɗan'uwa kar ka kai ta gyara, kuma dan Allah kar ka sake sayen waya ta uku. Lafiyar laftof ɗinka ƙalau, wayoyin nan biyu ma da wuya a ce akwai mai matsala a ciki. Abin da ya faru shi ne ramin HDMI na jikin laftof kamar indararo yake, ruwa ta nan yake fita, ba ya shiga. An yi shi ne domin laftof ta tura hotonta zuwa talabijin ko majigi. Ita ma dikodar ramin da ke bayanta na fitarwa ne, in ka duba da kyau za ka ga an rubuta OUT a gefensa. To ka ga ka haɗa mai bayarwa da mai bayarwa kenan, kowa na miƙo hoto babu mai karɓa. Allon laftof kuwa wata siririyar waya ce ta cikin gida ke haɗa shi da uwar kwamfutar, babu wata hanya da ta taso daga wancan ramin ta zo allon, ko wace irin waya aka saka, kuma babu wata manhaja da za ka sauke ta juya ramin, masu cewa akwai ɓata maka data kawai za su yi.

In kana son hankalinka ya kwanta a kan maganar abokinka, ɗauki laftof ɗin da wayar ka je wajen wani mai talabijin ka jona, ka danna maɓallin Windows tare da P ka zaɓi a nuna hoton a allo biyu. In ya fito shikenan, rami lafiya waya lafiya.

Akwai kaɗan da suka fita daban, wasu tsofaffin Alienware na 'yan gem sun zo da ramin da ke karɓa, haka wasu kwamfutocin tebur da allo da inji suke haɗe jiki ɗaya, su za ka ga an rubuta IN ƙarara. Taka ba ta cikinsu.

Mafita ita ce wata 'yar na'ura da ake ce wa kafca kad, a kasuwa ka ce kafca ta HDMI za su gane. Ƙananan ba su fi filas girma sosai ba, gefe ɗaya ramin HDMI ne mai karɓa, ɗaya gefen kan USB. Wayar da ka riga ka saya ita za ta taso daga dikoda ta shiga kafca, kafcar kuma ka soka ta a USB ɗin laftof. Aikinta ta karɓi hoton ta miƙa wa kwamfuta a matsayin kyamara, shi ya sa a Windows 10 da 11 ba ta buƙatar direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, kana sokawa za ta fito da suna irin USB Video. Ka buɗe manhajar Camera ta Windows ka danna alamar juya kyamara, maimakon fuskarka sai ka ga tashar. Wannan don gwaji ne kawai saboda nan ba za ka ji murya ba. Don kallo na gaske ka sauke OBS Studio, kyauta ce, ko ka yi amfani da VLC in kana da ita. A OBS za ka ƙara kafcar cikin jerin abubuwan da take ɗauka, sannan ka danna dama a kan hoton ka zaɓi ya cika allo. Murya ita ce ke wahalar da mutane, domin kwamfuta tana ɗaukar muryar kafca a matsayin makirfo, kuma makirfo ba a jin sa a sifika sai an ce a ji, to sai ka shiga saitin murya na OBS ka kunna sauraro a kan ta, ko a saitin sauti na Windows ka nemi makirfon kafcar ka sa alama a inda aka ce a saurari wannan na'urar.

Wajen saye ka buɗe ido. Za ka ga kwali an rubuta 4K da manyan baƙi, wannan abin da take iya karɓa ne ba abin da take miƙa wa laftof ba, yawancin masu arhar nan iyakarsu 1080 da hoto 30 a daƙiƙa, kuma da yawa an shafa wa bakinsu shuɗin launi kamar USB 3.0 alhali cikinsu 2.0 ne. Don labarai da wa'azi da fim wannan ya isa. Ƙwallo ce dai za ka ga kamar tana ɗan tsalle, maganin shi ne ka sauko da ita 720 ka sa hoto 50 ko 60 a daƙiƙa, ni a ganina ya fi daɗin kallo nesa ba kusa ba. Sannan akwai ɗan jinkiri da bai kai daƙiƙa ba, ba zai dame ka ba sai dai wajen danna rimot. Ni shawarata ka saka laftof da dikodar da cajarta a jaka ka tafi da su shagon a gwada a gabanka, ko ba eriya ai dikoda za ta nuna tambarinta da menu, wannan ya isa ka gane tana yi ko ba ta yi. Dalilin da ya sa na nace a kan gwajin yana cikin tambaya ta gaba.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa daga Maraɗi. Ni na riga na sayi kafcar, da na jona ta da dikodar maƙwabcina ta tashoshin kyauta hoto ya fito tangaram, amma da na dawo kan tawa ta biyan kuɗin wata sai baƙin allo. Ko dikodata ce ta lalace?

AMSA: Muna amsawa Malam, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Gwajin nan da ka yi shi ya ba da amsa, kafcarka na aiki. Ka fara shiga saitin dikodar a kan talabijin ka mayar da fitar hoton 720p ka sake jarrabawa, wani lokacin iya matsalar kenan. In har yanzu baƙi ne to kariya ce da ake kira HDCP, kamfanin Intel ne ya ƙirƙiro ta, dikodar biyan kuɗi takan tambayi abin da aka jona mata ko shi allon kallo ne mai izini, in bai ba ta amsar da take so ba sai ta rufe hoton. An yi haka ne don hana kwafar finafinai da wasannin da aka saya da tsada, manyan kafca masu suna irin Elgato ma da gangan suke ƙin nuna hoto mai wannan kariyar. Hanyoyin zagaye ta ba zan koyar a nan ba.

Abu biyu za ka iya yi. In dikodar tana da ramukan nan uku, rawaya da ja da fari, to su babu wannan kariyar, akwai kafca tasu daban da aka fi sani da EasyCap, hoton ba zai kai na HDMI ba don layi 576 ne kacal amma a allon laftof mai inci 14 ana kallo lafiya, ka dai tabbata ka zaɓi tsarin hoto na PAL a manhajar, in ta tsaya a NTSC za ka ga hoto ba kala ko yana birgima. Na biyu kuma, manyan kamfanonin nan yanzu suna da manhaja ko shafin da mai biyan kuɗi zai shiga da asusunsa ya kalla a kwamfuta ba tare da dikoda ba sam, DStv na da DStv Stream, Canal+ ma na da tasu. Illarsa data, wasa ɗaya na iya lashe maka fiye da giga ɗaya.

TAMBAYA: Salam Malam. Tela ne ni a Funtua, ina da 'yar sola a shago, akwai tsohuwar monita Dell da na samu wajen ƙanina, ramin ta shuɗi ne mai ƙananan huji. Zan iya kallon labarai da ita in huta da tsohuwar talabijin mai ƙusumbi da ke shanye min batir?

AMSA: Ƙwarai kuwa Malam, kai naka ma ya fi na ɗalibin Zariya sauƙi, domin monita aikinta kenan karɓar hoto, ba ka buƙatar injin kwamfuta ko kaɗan, dikoda da monita kawai. Kuma tunaninka a kan batir daidai ne, monita mai inci 19 takan ci wat 20 zuwa 35 ne, ka duba takardar bayanta, mai ƙusumbi kuwa takan ninka haka.

Shuɗin ramin nan mai huji 15 shi ne VGA. Da HDMI gare ta da waya ɗaya ta gama magana, haka in tana da farin ramin nan mai faɗi da ake kira DVI akwai waya mai kai biyu da ke yi kai tsaye. Amma VGA yarensa daban da na HDMI, shi na tsohon tsari ne, dole sai an sa tafinta a tsakani, wato kwanbata ta HDMI zuwa VGA, 'yar ƙaramar akwati ce mai ɗan inji a ciki. A nan ma ka kula da alkibla, akwai ta VGA zuwa HDMI kuma kamanninsu ɗaya, in ka ɗauko waccan ba za ta yi ba, ka karanta jikinta ka ga HDMI ne IN, VGA ne OUT. Zallar waya mai HDMI a kai ɗaya VGA a ɗaya kan ba tare da inji a ciki ba kuwa asarar kuɗi ce. Ka nemi kwanbata mai ƙaramin ramin iyafis domin VGA ba ya ɗaukar murya, ta nan za ka jona 'yar sifika, ko kuma ka ɗebi muryar daga ja da farin ramin dikodar zuwa rediyonka. In ka samu mai ramin caji ma ya fi, wasu dikodojin ba sa ba ta wutar da za ta ishe ta.

Abin da ya fi sa mutane su ce ba ta yi shi ne monita ta rubuta Out of Range. Dikodoji da yawa suna zuwa a kan 1080i, tsofaffin monitoci kuma ba sa gane shi. Kafin ka cire tsohuwar talabijin ɗinka ka shiga menu a kanta ka mayar da shi 720p, wasu rimot ɗin ma suna da maɓallin V.Format da za ka yi ta dannawa har hoto ya fito. In ta ci gaba da ƙi, ka duba ko dikodar tana ba da zaɓin 60Hz, mu nan tsarin talabijin ɗinmu 50 ne, wasu monitocin kuma daga 56 ko 60 suke farawa. In monitar mai kusurwa huɗu ce ba mai faɗi ba za ka ga mutane sun yi tsawo sun rame, sai ka canza tsarin allo a dikodar zuwa 4:3 mai baƙin layi sama da ƙasa.

TAMBAYA: Malam na ga dikoda tana da USB kwamfuta ma tana da USB, in na samu waya mai kai iri ɗaya gaba da baya ba zai yi ba? Daga Gusau.

AMSA: Ba zai yi ba, kuma ina roƙonka kar ka gwada. Kowane ɗaya cikin ramukan nan biyu wuta yake fitarwa, bolt 5, in ka haɗa su kana iya ƙona ramin laftof ko na dikodar ko duka. USB ɗin dikoda na filas ne, a kalli fim daga ciki ko a yi rikodin ko a sabunta mata manhaja, hoton tasha ba ya fita ta nan. Haka ramin nan mai tsinke 9 da ke bayan wasu dikodojin dish irin su Strong, RS-232, shi kam da kwamfuta ake haɗa shi amma masu gyara ne ke loda wa dikoda manhaja ta nan in ta sume, ba na kallo ba ne, kuma in aka loda wadda ba tata ba ta mutu kenan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana ƙauye ba su da wuta, yana matuƙar son tafsirin da ake sakawa a wata tashar dish. Ina so in riƙa ɗaukar masa ina sa masa a memori, sai na sayi kafcar nan da ake faɗa? 'Yarka daga Azare.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa Baba lafiya. In dikodarku ta tashoshin kyauta ce ba sai kin sayi komai ba banda filas, kuma wannan hanyar ta fi kafca kyau ma domin hoton yadda ya sauko daga tauraron haka zai shiga filas ɗin ba ragi. Ki soka filas a USB ɗin dikodar, in an fara tafsirin ki danna REC a rimot, yawanci jan ɗigo ne a kansa, in an gama ki danna tsayawa kafin ki zare, kar ki fizge shi yana cikin rubutu. Da yawansu ma ana iya saita musu lokaci su fara su tsaya da kansu in dai akwai wuta. Sai ki kai filas ɗin kwamfuta, za ki ga fayil mai ƙarewa da .ts, in kwamfutar ta ce ba ta san shi ba ki buɗe da VLC.

Ki samu filas mai kyau kamar giga 32, na jabu yakan sa hoto ya riƙa yankewa. Tashar da ba HD ba takan ci wajen giga ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, HD kuma ninki biyu ko fiye. Filas mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, shi ya sa za ki ga dikodar ta yanka dogon shiri gida biyu ko uku, ba lalacewa ba ce. Tunda ƙaramar waya ko rediyo mai memori Baba zai sa, ni da ke ce da murya kawai zan cire, VLC ɗin nan dai tana mayar da shi MP3, awa guda ba za ta wuce mega 30 zuwa 60 ba, kin ga tafsirin azumi gaba ɗaya zai shiga ƙaramin memori kuma batir zai daɗe masa. In kuma yana son ganin malamin to HandBrake kyauta ce, tana matse shi ya koma MP4.

Amma in dikodar ta biyan kuɗi ce irin DStv Explora, abin da ta ɗauka a kulle yake, a cikinta kawai ake kallo. Kuma ga masu tambayata yadda za su ɗauki wasan ƙwallo ko fim su watsa a Facebook, wannan haƙƙin wasu ne, shafinku ma za a iya rufewa, daban yake da ɗaukar wa mahaifi karatu.

TAMBAYA: Wai da gaske akwai abin da ake sokawa a laftof ta kama tashoshi ba dikoda ba data? Daga Jos.

AMSA: Da gaske ne, na'urar kama tashoshi ce ta USB da ake ce wa tuna, kamar filas take da ramin eriya a gindinta. Wadda za ta yi a Najeriya sai an rubuta DVB-T2 a jikinta, shi ne tsarin da muke kai, 'yan gwanjon da aka yi don Amurka masu ATSC ba za su kama komai ba, masu DVB-T zalla ba 2 ɗin ma haka. Ta dish kuma DVB-S2 ce. Sai dai kar ka sa rai da yawa, tashar da aka bari a buɗe kawai za ta nuna. GOtv da StarTimes za ta iya jero maka sunayen tashoshinsu amma a kulle, mabuɗin yana cikin dikodarsu. Ku a Jos ne ma aka fara ƙaddamar da komawa dijital a watan Afrilun 2016 da akwatunan FreeTV, Abuja ta biyo a ƙarshen shekarar, Kaduna 2017, Kano sai 2021, to amma shi ma FreeTV ɗin a lokacin an tsara shi ne da akwatinsa da kuɗin shekara. Kafin ka saya ka nemi wani mai talabijin ta zamani da ke da T2 a cikinta a unguwarku ya yi sacin, wato neman tashoshi, da eriya, abin da ya buɗe masa shi zai buɗe maka.

TAMBAYA: Malam tunda na haɗa dikodar dish da laftof ta kafca, in na taɓa gefen laftof ɗin sai in ji tana ɗan jan hannuna. Akwai haɗari? Daga Birnin Kebbi.

AMSA: Kar ka raina shi Malam. Yawanci 'yar wuta ce ke tsiyaya daga cajar dikoda ko ta laftof, gidajenmu da yawa kuma ba a yi musu wayar ƙasa ba balle ta bi ta tafi, sai ta bi jikin wayar HDMI ta zo ƙarfen laftof. Ka zare cajar laftof ka taɓa, sannan ka mayar ka zare ta dikoda ka taɓa, wadda ka cire jan ya daina ita ce mai laifin, ka canza ta da mai kyau. In ja ne mai ƙarfi ba ɗan tsikari ba ka kashe komai ka kira mai gyaran wuta ya duba soket ɗin. Duk lokacin da za ka soka ko ka zare HDMI ka fara kashe dikodar daga bango, haka in za ka ɗaura wayar dish, domin dikoda na tura bolt 13 ko 18 ta cikinta zuwa kan dish ɗin, in siririn tsakiyar ya taɓa gefe yana iya kashe mata tuna. Da damina kuma in hadari ya haɗo ana walƙiya ka kwance wayar dish daga bayan dikodar gaba ɗaya ka zare kafcar daga laftof, kashe soket kaɗai ba ya raba laftof ɗinka da ƙarfen da ke kan rufi.